Zafin bazara da ƙwaƙwalwar tsofaffinmu

Assalamu alaikum 'yan uwa. A nan Gombe, tsakanin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, kuma sauyin yanayi sai ƙara yawan irin waɗannan ranaku yake yi. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta jure zafin jiki in ya wuce kima.

Idan Baba ko Inna suka fara sambatu da rana tsaka, harshe na harɗewa, ba sa gane mutane, jiki ya yi zafi rau, don Allah kada a tsaya cewa iska ce ko rikicin tsufa. A fito da su daga ɗakin kwano zuwa inuwa, a rage musu tufafi, a jiƙa zani da ruwan randa a ɗora a wuya da hammata, ana yi musu fifita. Wanda hankalinsa ya gushe kada a ɗura masa ruwa, zai iya shaƙewa. Sai asibiti nan take.

Tsoho bai cika jin ƙishi da wuri ba, a riƙa miƙa masa kofi tun bai tambaya ba. Masu shan maganin taɓin hankali ma a sa musu ido, wasu magungunan na rage gumi, amma kada su daina sha sai da izinin likita.