Darasi na 7: Yadda ake kwantar da mai sarƙewar numfashi

Babba mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Idan ka ƙirga ka ga ya haura 30, yana haki, ba ya iya ƙarasa magana sai ya tsaya ya ja iska, ko harshensa ya yi shuɗi-shuɗi, to ciwon ya fi ƙarfin jinyar gida. A garzaya da shi asibiti. Nimoniya, asma, ciwon zuciya da korona duk suna kawo haka.

Wani kuskure da masu jinya suke yi, kuma tausayi ne ke sa su, shi ne kwantar da majinyaci rigingine wai don ya huta. A wannan kwanciya kayan ciki suna tokare huhu, numfashi ya ƙara wuya. Tayar da shi, ka jera masa filo a baya ya jingina. A asibiti ana ɗaga wajen kan gado digiri 30 zuwa 45, wato ya kishingiɗa. In zai iya zama, ya ɗan sunkuyo gaba, ya ɗora hannuwansa kan tebur.

Wani lokaci za ka ga likita ya sa an kwantar da shi ruf da ciki. Kada ka firgita. Mafi yawan huhu yana ta wajen baya ne, in an kifa mutum sai wurin ya buɗe. A 2013 likitoci a Faransa sun nuna cewa kifa masu tsananin ciwon huhu da ke kan na'urar numfashi aƙalla awa 16 a rana yana rage mutuwa. Amma wannan juyi aikin ma'aikatan jinya ne, su da yawa, don kada bututun na'urar numfashi ya fita. Ɗan'uwa kada ya gwada.

Wanda ya fita hayyacinsa a kwantar da shi gefe, kada a ɗura masa komai a baki, ko da ruwan addu'a ne, don zai iya ƙwarewa ya shige huhu. Wanda ba ya iya motsi a riƙa juya shi duk awa biyu, a duba ƙugu da diddige saboda gyambon kwanciya. Turaren wuta, sigari da garwashi kuwa, a nisanta su daga tukunyar oksijin.

Aikin yi: ƙirga numfashin wanda ke kusa da kai na minti ɗaya, ka rubuta adadin a littafinka.