Yadda Za Ka Zaɓi Taya Ga Tsohuwar Marsandi Ko Lexus A Abuja

Manyan motocin da suka kwana biyu, irin su Marsandi E-Class ta 2003 zuwa 2009, da S-Class, da Lexus ES 350 ko LS 430, da BMW 5 Series, abin da ya raba su da Corolla a sha'anin taya shi ne nauyi. E-Class takan haura kilo 1,700 ba kowa a ciki, S-Class kuwa tana dab da tan biyu. Ga injin mai ƙarfi, ga birki mai kamawa. Duk wannan a kan taya yake sauka. Shi ya sa tayar da ta yi wa ƙaramar mota shekara uku lafiya lau, in aka ɗaura ta a waɗannan sai ta kumbura kafin damina ta fita. Kuma laushin tafiya da shirun da aka sayi motar dominsu, kaso mai yawa daga taya suke fitowa.

Fara da takardar jikin mota, ba tayar da ke kai ba

Motar da ta shekara goma sha biyar ta bi hannu da yawa, kuma ba mamaki wani a baya ya sa abin da ya samu. Kada ka kwafi lambar tayar da ka tarar. Buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a ginshiƙi. A Marsandi ka duba har cikin murfin tankin mai. Nan kamfani ya rubuta girman taya da yawan iskar gaba da baya.

Ɗauki 245/45 R17 95H, wadda ake yawan gani a E350. Lamba 245 faɗin taya ne a milimita. Lamba 45 tsayin gefenta ne, wato kashi 45 cikin ɗari na faɗin, kimanin milimita 110. Lamba 17 girman rim ne a inci. Waɗannan ukun kowa ya san su. Biyun ƙarshe su ake tsallakewa, alhali su ne masu magana a kan babbar mota. Lamba 95 nauyin da taya ɗaya za ta ɗauka ne, kilo 690. In 91 ce kilo 615, 93 kilo 650, 97 kilo 730, 99 kilo 775, 100 kuma kilo 800. Harafin ƙarshe iyakar gudu ne: T kilomita 190 a awa, H 210, V 240, W 270, Y 300.

Ƙa'idar a nan ba ta da sassauci. Za ka iya hawa sama da lambar da kamfani ya rubuta, amma ba ka sauka ƙasa. Mai shago zai iya cewa, "Alhaji, ai duk 17 ce, kuma wa zai yi gudun 240 a Abuja?" Gaskiya ne ba mai yi. Sai dai harafin gudu yana nuna irin zafin da taya ke iya jurewa, kuma zafi ne ke kashe taya a nan. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Abuja ke doshin digiri 40, kwaltar titin filin jirgi ko ta Kubwa ta fi iskar gari zafi nesa ba kusa ba. Mota cike da iyali da kaya, a kama hanyar Kaduna ko Lokoja da tsakar rana, nan ake gane bambancin 91T da 97V. In ka ga XL a jikin taya, an ƙarfafa ta don ƙarin nauyi. Ga S-Class da duk motar da ke yawan tafiya a cike, ita muka fi so. Akwai kuma wani ƙaramin rubutu na jure zafi mai daraja uku, A da B da C, kusa da kalmar TEMPERATURE. A ƙasar nan A ake nema.

Rim 18 da 19 da ramukan unguwa

Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce Maitama da Asokoro da Wuse ba zai iya zama da siririyar taya mai gefe 40 ko 35. Wanda kuwa yake shiga lungunan Lugbe, Lokogoma, Karu ko Mararaba da damina, kuɗinsa zai ƙare a kumburin taya da gyaran rim. Dalilin a fili yake: gefen 245/40 R18 milimita 98 ne kacal, in ta faɗa rami mai kaifin baki sai robar ta matse tsakanin rim da kwalta, zaren ciki ya tsinke, bayan kwana kaɗan ƙulli ya fito a gefe kamar ƙwai. Wannan ƙullin ba ya gyaruwa. Tayar ta tashi aiki, ko da jiya aka saye ta.

Maganin shi ne a koma ƙaramin rim, ba a ƙara wa taya tsayi a kan rim ɗin da ke nan ba. Duba lissafin E-Class. Tsayin 245/40 R18 gaba ɗaya milimita 653 ne, na 245/45 R17 milimita 652, na 225/55 R16 milimita 654. Tsayi ɗaya ke nan, amma gefen ya tashi daga 98 zuwa 110 zuwa kusan 124. Motar ba ta san an canza komai ba, sai dai ta ƙara laushi. Abu ɗaya za a duba kafin a sayi rim 16: wasu masu babban inji birkinsu ya fi girma, ƙaramin rim ba ya shiga. A gwada ɗaya a gaba a juya shi da hannu tukuna.

Abin da ake yawan yi don a "ɗaga mota" shi ne a sa 245/50 R17 a madadin 245/45 R17. Wannan ya ƙara tsayi da kusan kashi 4 cikin ɗari, ya wuce kashi 3 da ake ɗauka a matsayin iyaka. Allon gudu zai riƙa nuna ƙasa da gudun da kake yi, tayar gaba tana iya gogar jiki in an karya sitiyari har ƙarshe, kuma a motar da shokozobarta ko jakar iskar da ke ɗauke da nauyinta ta fara saki, gogar takan zo da wuri. Ga Lexus ES 350 mai 215/55 R17, in dole sai an ƙara, 225/55 R17 ta ƙara ƙasa da kashi 2, yayin da 215/60 R17 ta ɗan haura 3.

Wasu Marsandi da BMW tayar bayansu ta fi ta gaba faɗi, misali 245/40 R18 gaba, 265/35 R18 baya. A bar su haka, kuma ba a musanya gaba da baya. Mai 4MATIC kuwa, ƙafa huɗun ke ja, don haka huɗun su zama girman da kamfani ya ce, iri ɗaya, cin zanensu kusa da juna. In ba haka ba na'urar raba ƙarfi ce za ta sha wahala, kuma gyaranta ya ninka kuɗin taya.

Sabuwa ko 'yar Beljiyam

Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina ƙerawa a 2008, tayar da kake gani a Apo da Gudu da Zuba daga waje ake shigo da ita. Wata ta daɗe a jirgi da sito kafin ta iso hannunka, don haka "sabuwa ce a leda" ba hujja ba ce. Nemi rubutun DOT a gefe, ka bi shi har ƙarshe, za ka ga lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 1823 na nufin mako na 18 na 2023. Yawanci gefe ɗaya kawai ake bugawa, sai ka juya tayar. Shafa wurin da yatsa. In ya yi kaushi kamar an goge shi, ko lambobin ba su daidaita da sauran rubutun ba, ajiye ta. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, shekara huɗu take lissafa wa taya daga ranar ƙerawa, kamfanonin mota da dama suna cewa shida. Kowanne ka bi, tayar da ta riga ta shekara uku a shago ba ta cancanci cikakken farashi ba. Mu dai ba ma son wadda ta wuce shekara ɗaya da rabi.

Ra'ayinmu a kan 'yar Beljiyam a taƙaice: sabuwar Hankook, Kumho, Maxxis ko GT Radial ta bana ta fi Michelin ta hannu mai shekara shida, komai kyan zanenta. Roba tana bushewa ko ana hawa ko ba a hawa. In hali ya sa sai ta hannun, to a zauna a duba ta a rana, ba cikin duhun shago ba. Danna gefenta da gwiwa ka ga ko ƙananan tsaga za su buɗe. Zura hannu ciki ka zagaya, kana laluben faci da ɗinki. Garin baƙar roba a ciki, ko wani layi da ya ci a zagaye, alama ce an taɓa tafiya da ita ba iska, kuma cikinta ya mutu. Duba bakin da ke kama rim: masu shigo da kaya kan cusa taya cikin taya don rage kuɗin dako, abin da hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, ta sha kamawa, kuma hakan yana lanƙwasa wayar baki. Irin wannan ba ta zama daidai a rim, kullum tana sace iska.

Sai tarkon da ya fi kama mutane. Da yawa daga tayoyin Turai da Kanada na lokacin ƙanƙara ne, ana gane su da hoton dutse mai kai uku da tauraron ƙanƙara a ciki, da ƙananan yanka masu yawa a zane. Zanensu zurfi gare shi, sai su ba da sha'awa. An haɗa robarsu don sanyin da bai kai digiri 7 ba. A kwaltar Abuja ta yi laushi da yawa, tana cinyewa da sauri, birki yana tsawo, mota tana lilo a kwana. Ko sanyin Jos na Disamba bai kai a saye su ba.

Ga mai halin sayen manyan suna, a nemi jinsin da aka yi don laushi da shiru, kamar Michelin Primacy, Bridgestone Turanza, Continental PremiumContact ko Pirelli Cinturato P7, ba na tsere ba. Na tsere suna kama ƙasa, amma suna da ƙara da tauri, kuma ba sa daɗewa. Alamar MO ta Marsandi da tauraron BMW suna nufin kamfanin ya amince da tayar. Suna da kyau, ba dole ba ne. Wasu BMW da taya mai tafiya ba iska suka zo, wadda ke iya yin kimanin kilomita 80 a gudun 80 bayan ta yi faci. Tana da tsada da tauri, kuma ana iya komawa ta gama-gari, da sharaɗi biyu: a canza huɗun gaba ɗaya, a kuma tanadi safaya da jak, domin sau da yawa motar ba ta zo da su ba.

Tsohuwar tayar tana da abin faɗa

Kafin a jefar da ita, a karanta ta. In tsakiya ce ta suɗe, iska ta yi yawa. In gefe biyun ne, iska ta yi kaɗan. In bakin ciki kaɗai ya cinye har waya ta leƙo alhali waje na nan da zane, wanda ya zama ruwan dare a tsofaffin Marsandi da BMW, to bushin ko bol join ya mutu, ko alaimen ya kauce. In ka shafa ka ji tudu da kwari, shokozoba ce. Bakanike ya gyara waɗannan tukuna, in ba haka ba sabuwar ma haka za ta bi cikin 'yan watanni. Zane kuma in ya sauka zuwa milimita 1.6, daidai da 'yan tudun da ke cikin kwarin zane, ya ƙare. Ga ruwan Agusta a manyan titunan Abuja, gara a canza tun yana 3.

In biyu kaɗai za ka iya saya, sababbin baya suke zuwa, ko da Lexus ce mai jan gaba. Gaba in ya zame direba yana ji a sitiyari ya rage gudu. Baya in ya zame a kwana, motar juyawa take yi.

Wajen ɗaurawa

A kai wa mai inji, ba mai ƙarfe da guduma ba. Rim ɗin alminiyam yana karcewa, kuma motocin Amurka daga 2008 suna da na'urar auna iska a gindin bawul, wadda ƙarfe ke karyawa. Gaya wa mai faci tun farko, "Malam, akwai sensa a ciki, a bi a hankali." In bawul na roba ne a sa sabo. Tayar da ke da kibiya da kalmar ROTATION kibiyar ta kalli gaba. Mai OUTSIDE wannan gefen waje yake. A yi balansin huɗun, sannan alaimen.

Iska ita ce inda aka fi ɓarna. Lamba 44 ko 51 da ke jikin taya iyaka ce, ba abin da za a sa ba. Yawancin waɗannan motoci tsakanin 30 da 36 suke, ana ƙara wa baya in an yi lodi, kamar yadda takardar ta nuna. Masu faci da dama 45 suke bugawa, sai mota ta riƙa tsalle a ce shokozoba ta lalace. Sayi geji naka, ka auna da safe kafin ka fita. In ka yi doguwar tafiya, misali ka hau Hawan Kibo ka isa Jos, gejin zai nuna ƙari saboda zafi; kada ka rage, bar ta ta huce.

Ɗaurin ƙafa ma da ma'auni, ana auna ƙarfinsa da Nm: E-Class ta wancan zamani 130 Nm, Lexus 103, BMW 5 Series 120. Bindigar iska ko tsalle a kan sifana yana wuce haka, ya miƙar da kusoshi, ranar da ka yi faci a hanyar Keffi kuma ka kasa kwancewa. A ɗaure da sifana mai ma'auni, ana tsallaka kusa ɗaya zuwa ta ƙetarenta, sannan a sake dubawa bayan kilomita 50 zuwa 100. In girman huɗun ɗaya ne, a riƙa musanya gaba da baya duk kilomita 8,000 zuwa 10,000. A wannan ranar a ɗaga shimfiɗar but a duba safaya. A mafi yawan waɗannan motoci ita ce ta asali tun daga kamfani, in siririya ce geji 60 take so, kuma lambar DOT ɗinta za ta nuna ko ita ma lokacinta ya yi.