Yadda Ake Haɗa Haidroksi'afatait Mai Yuropiyam da Gwada Haskensa

Haidroksi'afatait, wanda ake rubuta shi Ca10(PO4)6(OH)2, shi ne ma'adinin da ya fi yawa a ƙashi da haƙori, shi ya sa ake cike gurbin ƙashi da shi. Idan aka sa masa ɗan yuropiyam, ɗaya daga cikin ƙarafan dangin lantanaid, wanda girman ƙwayarsa ya yi kusan daidai da na kalsiyam, sai ya zauna a gurbin kalsiyam ɗin, garin ma'adinin kuma ya riƙa fitar da jan haske duk lokacin da aka haska masa hasken UV (ultraviolet, wanda ido ba ya gani), abin da ke ba mai bincike damar bin sawunsa a cikin ƙwayoyin halitta.

Aikin yana farawa ne da lissafi. Dole jimillar kalsiyam da yuropiyam, idan aka raba ta da fosforos, ta ba da 1.67. Wanda yake son kashi 2 cikin 100 na yuropiyam zai auna kaso 9.8 na kalsiyam naitret da 0.2 na yuropiyam naitret a kan kaso 6 na gishirin fosfet (NH4)2HPO4, bisa ƙidayar mol, wato yawan ƙwayoyi ba nauyi ba. A narkar da gishirin ƙarafan biyu a tataccen ruwa a mazubi ɗaya, fosfet a wani, sannan a ɗaga pH (ma'aunin tsami) na kowanne zuwa tsakanin 10 da 11 da ruwan amoniya, a cikin akwatin zuƙe hayaƙi, da safar hannu da tabarau.

Nan ne ake buƙatar haƙuri. Ruwan fosfet ana ɗiga shi ne ɗigo-ɗigo cikin na kalsiyam, ana juyawa ba tsayawa, ido kuma yana kan ma'aunin pH, domin yakan sauka yayin da farin laka yake fitowa. Idan aka bari ya sauka sosai, abin da zai fito ba zai cika kalsiyam ba, kuma ba za a gane ɓarnar ba sai an gasa shi, a ga ya juye zuwa wani fosfet ɗin daban, wato β-TCP. Bayan an gama ɗigawa, a bar lakar ta kwana, a tace, a wanke ta sau da yawa har warin amoniya ya tafi, a busar da ita a kusan digiri 100 na Salshiyas, a niƙa a turmin dutsen agate.

Garin da bai ga tanderu ba haskensa rauni ne, domin ruwan da ya maƙale masa da ƙwayoyin OH suna shanye kuzarin da ya kamata ya fita a matsayin haske. A ganina, abin da ya fi koyarwa shi ne a raba garin kashi uku, a ajiye ɗaya ɗanye, a gasa ɗaya a digiri 600, ɗayan kuma a 900. Kalsiyam yana da gurbi iri biyu a ginin ma'adinin, huɗu na Ca(I) da shida na Ca(II) cikin kowane goma, kuma yuropiyam yakan fara zama a na farko, zafi ya tura shi zuwa na biyu, inda ƙwayar oksijin ta O2− take maye gurbin OH− don daidaita cajinsa.

Na'urar XRD, mai gano ginin ma'adini da hasken X-ray da ke fitowa daga jan ƙarfe, za ta nuna babban tsini a kusurwa kusa da digiri 31.8 da wani a 25.9, idan wani ya ɓullo kusa da 31.0, β-TCP ya shigo. A gwajin haske kuwa, a motsa garin da haske mai tsawon zango nanomita 394, a nemi layin 590 da babban layin ja da ke wajen 615, sannan a kula da siririn layin da ke tsakanin 573 da 579, domin gusawarsa ce take nuna gurbin da yuropiyam ya koma. Kafin a kai ga na'ura, tocilan mai nanomita 395 a ɗaki mai duhu, da gilashin tace haske mai launin ruwan lemo a gaban ido, ya isa a ga bambancin ɗanyen gari da gasasshe. Kada kuma a ɗauka ƙara yuropiyam kullum ƙara haske ne, domin idan ƙwayoyinsa suka matsu da juna sukan miƙa wa juna kuzarin har ya salwanta, jan ya dushe.