Yadda ake shirya hutun kwana biyu da iyali a tsibirin Mackinac, inda ba a hawa mota

In kuna zaune a Amurka, musamman wajajen Michigan ko Chicago ko Ohio, yara sun samu hutun makaranta kuma ba ku da sati guda na yin doguwar tafiya, to ku duba tsibirin Mackinac (mutanen wajen Makino suke cewa). Yana cikin tafkin Huron ne, daidai mashigin ruwan da ya raba jihar Michigan gida biyu. Tun shekarar 1898 aka hana mota shiga garin saboda masu karusa sun kai kuka cewa tana firgita musu dawaki, kuma har yau dokar tana nan daram, in ka cire motar asibiti da ta kashe gobara da ta 'yan sanda. Kowa ko dai a ƙafa, ko a keke, ko a karusar doki, hatta kayan shaguna a amalanken doki ake raba su. Wannan rashin motar shi ne daɗin wajen, kuma shi ne zai wahalar da ku in ba ku shirya masa ba.

Abu na farko da za ku yanke shi ne maganar kwana, kuma ni dai shawarata ɗaya ce, ku kwana a kan tsibirin, ko da dare ɗaya ne, in da hali biyu. Mutane da yawa suna kama otal a Mackinaw City ko St. Ignace, garuruwan bakin gaɓa inda ake hawa jirgin ruwa zuwa tsibirin, saboda ya fi araha, su shigo da safe su fita da yamma, ba laifi ba ne in aljihu ne ya ce haka, amma gaskiya wanda ya yi haka cunkoso kawai ya gani. Daga wajen sha ɗaya na safe zuwa la'asar babban titin garin cike yake maƙil da 'yan yini, keke ta ko'ina, ga dawaki, ga layi a kowane shago, kana riƙe da hannun yaro kana ta waige-waige. Sai jiragen yamma sun kwashe mutane sannan garin yake dawowa hayyacinsa, haka ma da sassafe kafin jirgin farko ya iso, kuma waɗannan awannin su ne kuke biya wa kuɗin ɗaki.

Lokacin zuwa kuma daga watan Mayu ne zuwa Oktoba, bayan nan yawancin otal-otal da shaguna suna rufewa, sai mazauna garin da ba su kai 600 ba su rage. Yuli da Agusta su ne ganiyar cika da tsada. A watan Yuni ana bikin furannin lilak na kwana goma, garin yana kyau sosai amma ɗaki yana wuya. In za ku iya, ku zaɓi tsakiyar sati, Talata zuwa Alhamis, kuma ku kama ɗaki tun da watanni, kar ku ce sai kun je, ba a yarda a kafa tanti a kwana a tsibirin ba, in ba ku da ɗaki jirgin ƙarshe ne zai mayar da ku. Grand Hotel shi ne wanda kowa ya sani, an buɗe shi 1887, barandarsa ta kai kusan mita 200, amma tsadarsa ba wasa ba kuma da yamma akwai dokar irin kayan da za a saka, ga mai ƙananan yara takura ce kawai. Mission Point yana gefen gabas na garin da ƙaton fili mai ciyawa a bakin ruwa inda yara za su yi ta gudu, akwai kuma ƙananan masaukai da yawa a titin da ke bayan babban titi waɗanda sun fi shiru. Ku tambaya tun kafin ku biya ko ɗakin yana da firij da na'urar sanyaya ɗaki, tsofaffin gine-gine ne, ba duka ke da su ba.

Sai hanya. Daga Detroit awa huɗu ne da ɗan wani abu a kan babbar hanyar I-75, miƙe kawai zuwa arewa har Mackinaw City. In kun bi ta Detroit ɗin, ku ratsa Dearborn ku yi guzurin nama da burodi da abin da za ku iya sawa a kula, saboda shagunan halal sun yi yawa a can, a tsibirin kuwa kar ku sa rai. Jirgin ruwa yana tashi daga Mackinaw City ko daga St. Ignace da ke ɗaya ƙetaren gadar Mackinac, gadar nan mai tsawon kusan kilomita 8 da aka buɗe 1957. Tsallakawar kamar minti 20 ce. Za ku bar motarku a fakin na kamfanin jirgin, na kwana daban yake da na yini, ku faɗa musu kwana za ku yi. Ku sayi tikiti ta intanet, kuma ku duba jadawali da kyau domin wasu tashin safe suna zagayawa ta ƙarƙashin gadar kafin su nufi tsibirin, yara suna son wannan ba kaɗan ba. In za ku zauna a saman jirgi kowa ya saka suwaita, iskar tafkin nan tana da sanyi ko a watan Yuli.

Maganar kaya ita ce inda iyalai da yawa suke shan wahala, saboda mun saba in za mu yi tafiya a cika but da komai, in an buƙaci abu a je a ɗauko. Nan babu but. Ku tattara komai a akwati ɗaya ko biyu masu rufuwa da kyau, kar ku zo da ledoji goma a hannu. A bakin jirgi ma'aikata za su tambaye ku sunan masaukinku su ɗaura wa akwatin takarda, in kun sauka a tsibirin sai 'yan dakon otal ɗin su ɗauka. Ku tsaya ku kalle su ma, saurayi ne zai jera akwati biyar shida a kan kwandon gaban kekensa, ya ɗaure su da igiyar roba har tulin ya kusa rufe masa fuska, ya leƙo ta gefe ya taka ya shige tsakanin karusa biyu ko gezau. Ku ba su ɗan tukwici, aikin ƙarfi ne. Kayan na iya ɗaukar awa ɗaya ko fiye kafin su iso ɗaki, don haka magani, kunzugun jariri, madara, sallaya da caja su zauna a jakar baya tare da ku. Takalmi kuma kambas, kowa da kowa har da uwargida, a ajiye mai tsini a gida. Dawaki wajen 500 ne ke aiki a tsibirin lokacin zafi, akwai masu shara da shebur da kura suna bin titi duk yini suna kwashe kashin, amma duk da haka za a taka, kuma warin yana nan, gara ku faɗa wa yara tun a mota.

Ranar farko kar ku cika ta da yawa. Bayan kun ajiye kaya, ku shiga karusar zagaye wadda ake hawa a tsakiyar gari, tana ɗaukar kusan awa biyu, tana bi ta gaban Grand Hotel ta hau tudu ta shiga daji, a tsakiya a sauya muku zuwa babbar karusa mai dawaki uku, a tsaya a Arch Rock, wani dutsen farar ƙasa da ya yi baka kamar ƙofa, kusan mita 45 sama da ruwa, ta cikinsa kana hango tafkin kore shar. Dabarar ita ce ku sauka a ƙofar sama ta sansanin soja na Fort Mackinac in an zo wajen, maimakon ku hau shi da ƙafa daga gari, hawan nan yana da tsayi kuma da yaro a kafaɗa ko tsohuwa a tare da ku za ku ji a jikinku.

Sansanin nan ku ba shi lokaci, awa biyu aƙalla. Turawan Ingila ne suka gina shi a 1780 lokacin yaƙin neman 'yancin Amurka, suka taso daga tsohon sansaninsu na bakin gaɓa saboda tudun tsibirin ya fi tsaro, kuma gidan dutse na hafsoshi da ke ciki yana cikin gine-gine mafi tsufa a duk Michigan. Labarin da yara suka fi riƙewa shi ne na watan Yulin 1812, sansanin yana hannun Amurkawa a lokacin, sojojin Ingila da mayaƙan ƙabilun asali suka sauka da dare ta bayan tsibirin, suka ja igwa zuwa tudun da ya fi sansanin tsayi, gari na wayewa kwamandan Amurka Porter Hanks da sojojinsa kusan 60 suka ga bakin igwa a kansu, ko labarin an fara yaƙi bai iso musu ba, dole suka miƙa wuya ba a yi faɗa ba. Amurkawa sun dawo 1814 don su ƙwace suka kasa, sai yarjejeniyar sulhu ce ta mayar musu da shi a 1815. Ma'aikata sanye da kayan sojan da suna harba igwa da bindiga a lokuta da aka rubuta a allo, ƙarar tana da ƙarfi sosai, in kuna da jariri ku ja baya ku toshe masa kunne. Tikitin sansanin yana shigar da ku wasu tsofaffin gidaje a cikin gari, ciki har da Biddle House inda ake ba da tarihin ƙabilun asali na Odawa da Ojibwe, waɗanda tsibirin yake wuri mai tsarki a wajensu tun kafin Bature ya zo neman fatu. Kar ku tsallake wannan, ni a ganina rashin adalci ne a kai yara su ga igwa su dawo ba su ji su waye masu ƙasar ba.

Rana ta biyu ita ce ta keke, kuma ku fita da wuri, ƙarfe takwas kuna shagon haya. Hanyar da ta zagaye tsibirin sunanta M-185, kilomita 13 ce, shimfiɗe take babu hawa, ruwa na gefenku kusan duk tafiyar, kuma ita kaɗai ce babbar hanyar jiha a Amurka da mota ba ta bi. Shagunan suna da kujerar yaro, da ƙaramar tirela da ake ja a baya, da rabin keke da ake haɗawa da na babba don ɗan shekara biyar shida, ku karɓi hular kwano ga kowane yaro. Mai doguwar riga ko abaya ta saka wando a ciki ta tattare rigar, kar sarƙa ta kama, kuma akwai keke mai ƙafa uku ga wadda ba ta iya ba. Ana caji da awa ne, amma in lissafi ya nuna za ku wuce awa huɗu ku tambayi farashin yini. Ku fara ta gabas, ku wuce Mission Point, za ku zo ƙarƙashin Arch Rock inda matakala sama da 200 ke hawa zuwa samansa in akwai mai ƙarfi, sannan ku ci gaba har British Landing, wato daidai inda sojojin nan suka sauka a 1812, nan ne akwai banɗaki da ɗan shagon abinci, kuma nan ya fi dacewa a baje guzuri. Bakin ruwan duk tsakuwa ne ba yashi ba, ruwan kuma sanyi ƙarara, yara su tsoma ƙafa su yi jifa da dutse ya isa. Doka ɗaya da za ku nanata musu: doki ne ke da hanya, ba a giftawa ta gabansa, ba a tsayawa a tsakiyar titi, ba a taɓa shi sai direban ya yarda. Babba shi kaɗai zai zagaye a awa ɗaya da ɗan kai, da yara ku ware awa uku.

Sama da kashi 80 cikin ɗari na tsibirin gandun gwamnati ne, a 1875 aka mai da shi gandun ƙasa na biyu a Amurka bayan Yellowstone, sannan ya koma hannun jiha a 1895, shi ya sa da ka bar gari da minti goma sai daji da shiru. In da sauran ƙarfi da yamma, ku taka zuwa Fort Holmes, wuri mafi tsayi a tsibirin. In yaran sun gaji, gidan malam-buɗe-littafi yana nan kusa da gari, rabin awa ya wadatar.

Abinci yana da tsada tunda komai ta jirgi yake zuwa. Farin kifin tafkin shi ne abin da za ku fi samun natsuwa da shi, amma ku tambaya ko an kwaɓa fulawar suyar da giya, wasu wuraren haka suke yi, gasasshe ya fi sauƙi. Doud's Market a babban titi, shagon da yake nan tun 1884, yana da burodi, madara, 'ya'yan itace da ruwa, karin kumallo daga nan zai rage muku kuɗi sosai. Sai alawar nan tasu da ake kira foj, wadda kusan 'yar uwar tuwon madara ce sai dai ta fi laushi da maiƙo, gidan Murdick's tun 1887 suke yinta. Ku tsaya ku ga yadda ake yi, ana juye ta da zafinta daga tukunyar tagulla a kan teburin marmara, a bari ta ɗan huce, sannan mutum ya yi ta zagaya teburin yana juya ta da doguwar filafili har ta haɗe ta zama ƙaton curi a yanka. Ana ba da ɗanɗano kyauta. Nan ma ku tambaya, wasu kalolin ana saka musu barasa, wasu kuma akwai jelatin.

Sallah kuwa, ba za ku samu masallaci a tsibirin ba, a ɗaki za ku yi ko a kan ciyawa a gefe, alƙibla arewa maso gabas take daga can. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi na dare, asuba kuma tana yin wuri sosai, don haka ku duba lokuta a waya tun kafin ku tsara barcin yara.

Ranar tafiya ku miƙa akwatunanku ga masauki aƙalla awa ɗaya kafin jirgin da kuke so, in kuma tasin doki za ku kira ku kira da wuri saboda yana iya tsayawa ɗaukar wasu a hanya kuma ba ya sauri. A tasha ku karanta allo da kyau kafin ku shiga layi, jirgin Mackinaw City daban, na St. Ignace daban, ku tabbatar takardar da ke jikin akwatinku ma garin da kuka bar mota aka rubuta.