Yadda ake gyara ruwan zartsi kafin a zuba jatan lande

'Yan uwanmu da ke aikin gona a yankin Kasim da Wadi Dawasir na ƙasar Saudiyya sun san rijiyoyin da ruwansu ya yi zartsi har shuka ta ƙi shi. Irin wannan ruwa ana iya kiwon jatan lande da shi, musamman farin nan mai suna vannamei da ake kiwo a Al-Lith, kudu da Jidda. Yana jure ruwa mai ƙarancin gishiri ƙwarai. Abin da ba ya jurewa shi ne ruwan da ma'adinansa suka saɓa da na teku.

Da farko a ɗebi ruwan bayan injin rijiyar ya ɗan jima yana aiki, a kai ɗakin gwaji. Madubin awon gishiri jimilla kawai yake nunawa. A nemi awon sodiyam, fotasiyam, magnesiyam da kalsiyam ɗaya bayan ɗaya, har da ƙarfe. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yawanci kalsiyam ke yi masa yawa, fotasiyam da magnesiyam kuwa su gaza, kuma rashin fotasiyam ne ke fara kisa. Jatan landen kan sandare, jelarsa ta lanƙwashe ta yi fari, ko ya mutu yana tsakiyar saɓa.

Sai lissafi, nan ne nake roƙon a natsu. Ruwan teku na da gishiri kusan giram 35 a lita, na Bahar Maliya ya kai wajen 40. A kowane giram ɗaya na wannan gishiri akwai fotasiyam kusan miligiram 11, magnesiyam 39, kalsiyam 12. To idan rijiyarka na da giram 5 a lita, ana so fotasiyam ya kusanci miligiram 55, magnesiyam 195. A ce gwaji ya nuna fotasiyam 15 kacal. Giɓin 40 ke nan, wato giram 40 a kowace mita kubik. Takin fotash, wanda ake rubuta KCl a buhunsa, rabinsa ne fotasiyam, don haka a ninka, ya zama giram 80. Kududdufi mai mita kubik 1,000 zai ci kilo 80. Magnesiyam ana samunsa daga gishirin Epsom, amma kashi 10 cikin 100 ne kawai a ciki, shi ya sa yake cin kuɗi. Ni a ganina, idan aljihu bai kai ba, a cike fotasiyam tsaf, a ɗaga magnesiyam gwargwadon hali.

Kada a zuba kanwa da sunan fotash. Sodiyam ce a cikinta, za ta ƙara faɗaɗa giɓin ne.

A narkar da takin a ganga a watsa a kududdufin, a kunna injin iska na 'yan kwanaki. Ruwan burtsatse yakan fito ba iskar shaƙa a cikinsa, wani har da warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma bugun iska ne ke korar warin ya kwantar da ƙarfen.

Kafin a sayi 'ya'ya da yawa, a gwada kaɗan a bokitin ruwan na kwana biyu. Idan sun rayu suna cin abinci, to madalla. A sayo daga wurin ƙyanƙyasa mai lasisi, domin cutar farin tabo ta taɓa yi wa gonakin gaɓar Bahar Maliya mummunar ɓarna. A zaɓi waɗanda suka yi aƙalla kwana 12 bayan matakin tsutsa, don kafin nan sassan numfashinsu ba su gama ƙwari ba. Daga nan a riƙa surka ruwan da suka zo a ciki da na kududdufi kaɗan-kaɗan, kuma da gishirin ya sauko ƙasa da giram 5 a ƙara sassautawa. Gaggawa a wannan gaɓa asara ce.

Bayan an zuba ma, awo bai ƙare ba. Yumɓu na shanye fotasiyam, kuma duk ruwan rijiyar da aka ƙara don cike abin da zafin rani ya ƙafar yana sake karkatar da ma'aunin. A maimaita gwajin duk mako biyu, a haɗa da nitrait (nitrite), gubar da ke samuwa daga kashin jatan landen da ragowar abinci, domin dafinsa ya fi tsanani a ruwa mai ƙarancin gishiri.