Yadda ake zuwa dubiyar ɗan'uwa a cikin Almasihu

'Yan'uwa a majami'unmu na Damagaram suna yawan tambaya, ga matakan:

1. Kira mai jinya, wato mai kula da mara lafiya, tukuna, ka ji lokacin da ya dace.
2. Tambayi abin da likita ya hana.
Hattara: kada ka kai kunu mai sukari wa mai ciwon sukari. Nan ake yawan kuskure.
3. Tafi da yamma, bayan rana ta yi sanyi, ku biyu sun isa.
4. Gaishe shi: "Baba, ya jiki?"
5. Yi gajeriyar addu'a. Minti 15 ya isa zama, mara lafiya yana gajiya ko bai faɗa ba.
6. Miƙa wa mai jinya kuɗin magani a keɓe, ko jika guda ce.
7. Koma bayan kwana 3.