Karen Azawak: yadda ake zaɓensa da rainonsa ya tsare garke

Karen Azawak dogo ne siriri, ƙafafunsa kamar na barewa, gashinsa gajere, yawanci ja ko launin rairayi da fari a ƙirji da ƙafafu. Asalinsa kwarin Azawak ne, tsakanin Nijar da Mali, yankin da shanun Azawak ma suka samo sunansu. Abzinawa da Fulani ne suka riƙe shi tun kaka da kakanni, kuma makiyayan da ke ratsa Damargu da kewayen Tanut, a arewacin Damagaram, sukan zo da masu irin ƙirarsa. A farkon shekarun 1970 aka fara kai shi Turai, Yugoslabiya da Faransa, sai Amurka a shekarun 1980, inda babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta ƙasar ta ba shi cikakkiyar rajista a 2019. Har yau ƙalilan ne a can. A nan gida kuma barbara da karnukan gari tana ta rage tsantsar jininsa.

Ka san aikinsa tun kafin ka neme shi. Ba ya kora shanu, ba ya tattaro su; wannan aikin makiyayi ne da sandarsa. Shi mai gadi ne. Da dare yana kewaya mashekari, in ya ji motsin dila ko kura ko ɓarawo sai ya yi haushi, sauran karnuka su taru su kori abin. Shi ya sa biyu sun fi ɗaya amfani. Addini ya yarda da ajiye karen kiwo, sai dai a ware masa kwanonsa daban.

Namiji kan kai santimita 64 zuwa 74 a kafaɗa, nauyi kilo 20 zuwa 25. Karya kuma santimita 60 zuwa 70, kilo 15 zuwa 20. Lafiyayye ana ganin haƙarƙarinsa uku zuwa biyar da ƙashin ƙugu. Halittarsa ke nan, ba yunwa ba ce, kuma mutanen gari sun fi kuskure a nan: sai su yi ta ɗura masa abinci har ya yi teɓa, gudu ya gagare shi, zafi ya riƙa kayar da shi. Ramar cuta dabam take: gashi ya dushe, ido ya faɗa, cinya ta zube.

Kada ka raba kwikwiyo da uwarsa kafin sati 8. Je ka ga uwar a bakin aikinta, ka tambaya ko akwai farfaɗiya a danginta, domin ciwo ne da aka sani a wannan jinsi kuma yana bin jini. Ɗaga leɓen kwikwiyon: dasashi ya zama ja-ja, in fari ne fat tsutsa ko kaska sun sha jininsa. Wanda ya tsaya ya dube ka, sannan ya matso a hankali, shi ne naka. Mai rugawa ya ɓuya yana rawar jiki kan girma da cizon tsoro.

Daga ranar da ya zo zuwa wata 4 ne ake gina halinsa, abin da ya wuce nan gyara ne mai wuya. Yi masa makwanci kusa da dangwalin maruƙa, a kewaye da ƙaya ko zana yadda saniya mai jego ba za ta tattake shi ba, amma yana jin warinsu yana ganinsu. A nan zai ci, a nan zai kwana. Kullum safe da yamma a fito da shi cikin maruƙa ana tsaye a kai. In ya fara bin ɗan maraƙi ko ɗan akuya da gudu, a tsawata nan take da kalma ɗaya, kowa a gidan ya riƙe wannan kalmar, a ɗauke shi na ɗan lokaci. Jinin farauta ne da shi, duk abin da ya ruga sai ya bi, kuma in aka yi dariya yau, gobe kunnen ɗan rago zai yage. Duka ba ya gyara shi. Karen Azawak da aka doka yana janye jiki daga mai shi, ya daina zuwa in an kira. A bar yaran gida da masu tatsa su saba da shi tun yana ƙarami. Daga wata 6 ya fara bin garke kiwo na kusa, kada a dogara da gadinsa sai ya haura shekara. Ɗaure shi a turke wuni da kwana kuwa zalunci ne, kuma yana mai da shi mafaɗaci.

Abinci sau 4 a rana har wata 3, sau 3 har wata 6, daga nan safe da dare. Tuwon hatsi da nono shi ne abin da ya saba da shi. A cika kashi biyu na tuwo da kashi ɗaya na dafaffen nama, kifi ko ƙwai, ko da sau 3 a mako. Nono mai tsami ya fi madarar da aka tatsa yanzu, wadda kan sa wasu zawo. Ban da miya mai albasa da yaji, ban da dafaffen ƙashin kaza. Hanta ko huhun da aka ga ƙurji mai ruwa a jiki kada a jefa masa ɗanye, a ƙone ko a binne da zurfi: tsutsar da ke ciki tana girma a hanjin kare, ƙwanta ya fita a kashinsa ya kama dabbobi da yara. Bayan ya ci a bar shi ya huta awa guda, saboda ƙirjinsa mai zurfi ne, tumbi kan iya murɗewa. In ciki ya kumbura yana yunƙurin amai ba abin da ke fita, a nufi likitan dabbobi a lokacin.

Ruwa aƙalla lita 1 da rabi a rana ga babba, a ninka a bazara, da inuwa. Zafi bai cika damunsa ba. Sanyin hunturu ne abokin gabarsa, don ba kitse ba gashi mai kauri. Buhu biyu a bayan zana inda iska ba ta bugawa sun isa.

Maganin tsutsa daga sati 2 da haihuwa, duk sati 2 har wata 3, sannan duk wata 3. Allurar cututtukan ƙuruciya tana farawa a sati 6 zuwa 8, a maimaita duk sati 3 ko 4 har sati 16. Ta haukan kare a wata 3, a sabunta duk shekara a ma'aikatar kiwo. Kowace yamma a duba cikin kunne da tsakanin yatsu: kaska a kama ta daf da fata a ja a miƙe, karangiya da ƙaya a cire kafin wurin ya yi ruwa. Kada a auna masa maganin shanu da ka, na allura ko na wanka, kada kuma a ba shi maganin ciwon jiki na mutane. Jikin da ba kitse ba ya ɗaukar kuskuren awo.

In ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a tafi asibiti ranar. Karen kuma kada a kashe shi, a tsare shi kwana 10 ana lura da shi, a sanar da likitan dabbobi duk canjin da aka gani.